Da na'ura ta shigo wurin aikinku, wa ya tsaya, wa ya tafi?

Tsohuwar Kashiya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, kuma ina so amsa ta fito daga bakin waɗanda abin ya faɗo wa. Duk wanda aka taɓa kawo sabuwar na'ura ko manhaja wurin aikinsa har ta juya yadda ake aikin, ya ba mu labari. Me ya sauya? Wa ya tsaya, wa ya tafi? Kuma wa ya koya muku?

Bari in fara da nawa. Kashiya ce ni a banki lokacin da aka kafa mana na'urar ATM a bakin ƙofa. Mun ɗauka tamu ta ƙare. Ba wanda aka kora a shekarun farko, amma aikin ya zama wani abu daban. A da, darajarka a kanta ita ce saurin hannunka wajen ƙirga kuɗi da kuma rufe lissafin yini ba tare da gibi ba. Bayan na'ura, masu cirar kuɗi suka koma waje, mu kuma aka bar mu da masu ɓacin rai: wanda na'ura ta haɗiye wa kati, wanda aka cire wa kuɗi a asusu amma bai ga komai ba. Sai kuma aka ɗora mana tallar sababbin asusu da bashi. Wata abokiyar aikina da duk reshen ba wanda ya kai ta ƙirga, ita ce ta fara ajiye aiki, don ba ta iya lallashin mutane ba.

Daga baya na ga binciken wani masanin tattalin arziki, James Bessen, a kan Amurka. Tsakanin 1988 da 2004 yawan kashiyoyin da reshe ɗaya ke bukata a birane ya sauko daga 20 zuwa 13, amma da buɗe reshe ya yi araha sai bankuna suka ƙara rassa da kashi 43 cikin 100, don haka guraben aikin ba su ragu ba. Haka na gani da idona. Abin da ATM ta kasa yi, wayar hannu ce ta zo ta yi shi. Ita ce ta sa aka fara rufe rassa.

Mai Wankin Hoto:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ku dai an bar ku da kujera. Mu kujerar aka ɗauke.

Na tashi a ɗakin duhu, hannuna cikin ruwan wankin fim. Na san yadda ake duban nagatif a gane daƙiƙa nawa za a ba shi haske, na san warin ruwa in ya mutu. Da kyamarar da ba ta cin fim ta fito, mun yi mata dariya, kuma muna da hujja, domin hotunanta na farko ba su da kyau ko kaɗan. Abin da ya faru shi ne masu kawo mana aiki ba kyau suke nema kamar yadda muke nema ba. Su dai su ga hoton nan take, in bai yi ba su goge su sake. Da waya mai kyamara ta yawaita kuwa, buga hoton ma aka daina.

Mutane na yawan kawo misalin Kodak, babban kamfanin fim da kyamara na Amurka, suna cewa barci suka yi. Ba haka ba ne. Injiniyansu ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Sun san abin da ke tafe fiye da kowa. Matsalar ita ce ribar da ke cikin fim da takarda da sinadari ba ta cikin sabuwar kyamarar, to wane shugaba ne zai yanke abin da ke ciyar da ma'aikata sama da 140,000 a ƙarshen shekarun 1980 don abin da bai fara kawo komai ba? Suka yi ta jan ƙafa har Janairun 2012 da suka nemi kariyar kotu saboda karyewa. Fujifilm na Japan ya fuskanci wannan matsalar, sai ya zauna ya duba abin da ya iya in an cire fim: sarrafa sinadarai, shimfiɗa abu siriri a kan leda, hana launi dusashewa. Da wannan ilimin ya shiga kayan asibiti da magunguna, har da man shafawa a 2007.

Ni ma abin da ya cece ni ke nan, a ƙaramin mataki. Na tambayi kaina, in babu fim me na iya? Na iya haske, na iya launi. Yanzu gyaran tsofaffin hotuna nake yi a kwamfuta, da ɗaukar hoton kaya ga masu sayarwa ta intanet. A cikin waɗanda muka yi ɗakin duhu tare, masu ido sun samu mafita. Masu aikin jiƙa takarda da shanya ta kawai, su ne ban san inda suka shiga ba.

Bakanike Mai Sikana:

Malam, maganarka ta ƙarshe ta taɓa ni. A gareji ma haka ne. Ubangidana da kunne yake gane ciwon mota. Ya sa a tayar da inji, ya saurara, ya ce a kwance kafireta. Sai motoci masu injekta da kwamfuta suka cika gari. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa masu ƙera motoci sa soket ɗin OBD-II, wanda ake jona sikana ta karanto lambar matsala, Turai ta biyo baya, kuma motocin nan duk inda aka sayar da su da soket ɗinsu suke zuwa. Ubangidana ya ƙi taɓa sikana. Ni na saya da kuɗin aljihuna, na koya da daddare daga bidiyo.

Amma ga abin da ba a faɗa. Sikana ba ta gaya maka abin da ya lalace. Abin da ta ji kawai take faɗa. Za ta ce sensar iska tana kawo karatu ba daidai ba, yaro ya ruga ya sayo sabuwar sensa, alhali tiyo ne ya tsage yana jan iska ta gefe. Mai mota ya biya kuɗin banza, fitilar gargaɗin inji ta sake kamawa. Yanzu ni nake jona sikana, in karanto, sannan in kira tsohon ya saurara. Mu biyu muka zama bakanike ɗaya. Abin da ke damuna, ranar da ba ya nan, rabin nan nasa ya tafi, don yaran da ke gabana ba sa son sauraron inji.

Akanta Mai Ritaya:

Ɗana Bakanike, ka kai hannu kan ainihin ciwon. Ku bar ni in ɗan ja magana, tsufa ne.

Na fara aiki da laja da biro da kalkuleta. Sabon ɗauka a ofishinmu yakan shafe shekarunsa na farko yana shigar da rasit ɗaya bayan ɗaya, yana daidaita lissafin banki da na ofis da hannu. Aiki ne mai gundura, ba na kewarsa. Amma a cikin gundurar nan ake zama akanta. Wanda ya shigar da dubban rasit da hannunsa, in ya ga na bogi jikinsa ne zai fara gaya masa kafin ya san dalili.

Manhajar lissafi ba jiya ta fara ba. VisiCalc ta fito a 1979, Lotus 1-2-3 a 1983, Excel a 1985. Ba su kashe aikin akanta ba, ƙara masa daraja ma suka yi, domin da lissafi ya yi sauƙi sai shugabanni suka riƙa neman a lissafa musu abubuwan da a da ba sa tambaya: in mun ƙara farashi me zai faru, in mun ci bashi yaushe za mu fita. Akawun shigar da lambobi ne ya ragu. Daga baya aka kawo manhajar da ke jawo bayanan banki da kanta ta daidaita, sai wadda ke karanta rasit daga hoto. Kowace ta zo, ƙasan tsani take cirewa. Na sama suna nan daram, har albashinsu ya ƙaru. To ta ina na ƙasa zai hau?

Kafin in bar aiki na ga matasa masu digiri mai kyau, sun fi ni iya kwamfuta nesa ba kusa ba, amma in manhaja ta fitar da lambar da hankali ba zai ɗauka ba sai su sa hannu su wuce. Ba laifinsu ba ne. Ba a taɓa ba su aikin da zai koya musu kamannin lamba mai lafiya ba. Kamfanoni suna murna sun rage kuɗin ƙananan ma'aikata, kuma kowanne yana sa ran zai ɗauko ƙwararre daga wani kamfanin. In kowa ya yi haka, wa ke renon ƙwararrun?

Mai Fassara:

Baba Akanta, kamar da ni kake. Ni ce na ƙasan tsanin.

Na karanci harsuna, na fara karɓar ƙananan ayyukan fassara: wasiƙu, takardun bayanin kaya, tallace-tallace. Da su ake koyo. Tun wajen 2016 fassarar na'ura ta yi tsalle, sannan daga Nuwamban 2022 da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai rubutu kamar mutum, ya fito, irin waɗannan ayyukan suka ƙafe. Abin da kamfanonin da nake wa aiki suke turo mini yanzu shi ne in gyara abin da na'ura ta fassara, a kan kuɗin da bai kai na fassara ba. Suna cewa ai rabin aikin an yi. Wallahi wani lokacin gyaran ya fi wuya. Kuskuren mutum a fili yake, za ka ji jimlar tana ɗingishi. Na'ura kuwa jimlarta sumul, nahawu daidai, amma ta juya ma'ana, ko ta tsallake “ba” guda ɗaya a takardar magani. Dole ka karanta asalin kalma bayan kalma. Kuma in ka daɗe kana gyaran nata, salonta ne ke shiga bakinka.

Ba na cewa a hana. Ni ma ina amfani da ita, tana taimaka mini wajen neman kalmomin fanni. Amma manyanmu da ke cewa “ku ƙware a fassarar shari'a ko ta likitanci, can na'ura ba ta kai ba”, sun manta su da ƙananan ayyuka suka ƙware.

Mai Masana'antar Ɗinki:

Ku yi haƙuri, bari wani ya yi magana daga ɓangaren masu biyan albashi, tunda ga alama mu ne miyagun labarin.

Ina da 'yar masana'anta ta ɗinkin kayan ma'aikata. Na sayi injin yanka mai kwamfuta ba don ina ƙin masu yanka ba. Abokan gogayyata sun saya, suna kai kaya cikin rabin lokacin da nake kaiwa. In ban saya ba, ba mai yanka kaɗai zai rasa aiki ba, duka za mu tafi gida.

Abin da nake so masu niyyar saye su sani shi ne, watannin farko asara injin ya jawo. Yana yanka da sauri, yadi ya taru tuli a gaban maɗinka, su kuma suna tafiya yadda suka saba. Sai da muka sauya jerin teburori, muka sauya yadda ake karɓar oda, muka sauya wanda ke duba aiki, sannan riba ta fara leƙowa. Kuɗin da na kashe a wannan gyaran da koyar da mutane ya ba ni mamaki, kuma dillalin injin bai ambace shi ba ko sau ɗaya.

Ashe tsohon labari ne. Thomas Edison, mai ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka, ya buɗe tashar lantarkinsa a New York a 1882, amma sai a shekarun 1920 aka ga amfanin lantarki sosai a masana'antun Amurka. Da farko cire injin tururi kawai suka yi suka sa babbar mota mai lantarki (injin juyawa, ba motar hawa ba) a gurbinsa, tana juya dogon ƙarfe ɗaya da bel-bel kamar da. Sai da aka ba kowane inji 'yar motarsa, aka sake fasalin ginin bisa yadda aiki ke gudana, sannan abin ya biya. Kusan shekara 40 ke nan.

Mai yankana na da shi ne ke tuƙa injin yanzu. Ya san yadi, ya san inda zare ke ja, don haka tsarinsa ya fi na manhaja rage asarar ƙyalle. Mataimakansa biyu ne ban iya riƙewa ba. Ɗaya ya koma guga da naɗi, ɗaya ya tafi.

Akanta Mai Ritaya:

Alhaji, ba wanda ya ce kai mugu ne. Amma ka lura da waɗanda suka tafi: mataimaka. In mai yankan ya tsufa, wa zai san inda zare ke ja?

Mai Masana'antar Ɗinki:

Gaskiya ne Baba. Amma ka faɗa mini, in na riƙe yaro ina biyansa yana koyo, ya ƙware, wani ya ƙara masa kaɗan ya ɗauke shi, wa zai mayar mini? An yi mini haka. Wannan nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ma'aikaciyar Jinya:

Nawa gajere ne. Asibitinmu ya koma rubuta bayanan majinyata a kwamfuta. Alheri ne babba: ba a ɓatar da fayil, ba ma fama da rubutun likita, manhaja tana gargaɗi in magunguna biyu ba sa haɗuwa. Horon da aka ba mu kuwa na jeka-na-yi-ka ne, a ɗaki, da majinyatan wasa. Ainihin koyon a bakin gado muka yi shi, ƙananan ma'aikata suna koya wa manya, wanda ya zo wa wasu manyan da wuya ƙwarai.

Wani dare tsarin ya tsaya cak. Sai ga shi waɗanda suka fara aiki bayan zuwan kwamfuta ba su taɓa cike takardar ba da magani da hannu ba, wasu ba su san inda ake ajiye takardun ba. Tsofaffin da ake wa kallon sun kasa tafiya da zamani su suka riƙe ɗakin har gari ya waye. Tun daga nan aka sa mana atisayen aiki da takarda lokaci-lokaci. Tamu matsalar cikin gida ce, amma duniya ta ga babbarta ranar 19 ga Yulin 2024, da sabunta wata manhajar tsaro ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci a ƙasashe da dama suka ɗage ayyuka.

Ɗan Ƙungiyar Ƙwadago:

Tambayar Alhaji ita ce tambayar, kuma an taɓa amsa ta. Kowa na cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma ba a cika faɗin wa zai ciyar da mai rawa kafin ya koyi sabon taku ba.

Na zauna a teburin sulhu lokacin da kamfanin da nake wakiltar ma'aikatansa ya kawo na'urorin tattara kaya a sito. Sanarwa muka gani a allo bayan an riga an sa hannu a kwangila. Da an kira mu tun farko, da mun gaya musu cewa hanyoyin siton sun yi wa na'urorin ƙunci, abin da suka gano da kansu bayan sun kashe kuɗi. Abin da muka samu a ƙarshe shi ne: wanda aikinsa ya tafi shi ke da haƙƙin farko a horon sabon aiki, kuma horon a cikin lokacin aiki za a yi, ba bayan an tashi ba. Wannan sharaɗi na biyu shi ya fi muhimmanci ga mata masu yara.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. A 1956 wani ɗan kasuwar sufuri, Malcom McLean, ya ɗora kwantena 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston a Amurka, abin da ya zo ya shafe yawancin aikin dako a tashoshin jiragen ruwa. A 1960 ƙungiyar 'yan dakon gaɓar yammacin Amurka, ƙarƙashin Harry Bridges, ta yarda a kawo injuna, su kuma masu jirage suka zuba kuɗi a asusun tabbatar da albashi da ritayar wuri. Ta kare waɗanda ke ciki, amma ƙofar shiga ta ƙuntata ga na baya, wato ciwon da Baba Akanta ke faɗa. A 2023 marubutan fina-finan Hollywood sun yi yajin aiki na kwana 148, kuma cikin abin da suka samu har da cewa ba za a tilasta wa marubuci amfani da ƙirƙirarriyar basira ba, ba kuma za a ɗauki abin da ta rubuta a matsayin aikin marubuci ba.

Game da yaron da za a ɗauke wa Alhaji, ƙasashen da suka magance wannan raba nauyin suka yi. A Jamus ɗan koyo yana raba makonsa tsakanin kamfani da makarantar sana'a, kamfani na ba shi alawus, gwamnati na ɗaukar makarantar, ƙungiyoyin 'yan kasuwa na shirya jarrabawa. Tunda kamfanoni da yawa suna horarwa, in an ɗauke naka kai ma za ka samu na wani. Singafo kuma daga 2016 ta ba kowane ɗan ƙasa mai shekara 25 zuwa sama dalar ƙasar 500 ta yin kwas. Ni dai na fi yarda da na Jamus. Kwas ba ya maye gurbin tsayawa kusa da wanda ya iya.

Tsohuwar Kashiya:

Malam, na yarda da kai a kan kwas. An tura mu da yawa, takardun shaida suna nan cikin akwati. Abin da ya amfane ni shi ne wata yarinya da aka ɗauka bayana, ta zauna kusa da ni tana nuna mini manhaja, ni kuma ina nuna mata yadda ake gane wanda ya zo da katin da ba nasa ba.

Mai Fassara:

To Baba Akanta, ni da babu kamfanin da zai rene ni, me zan yi?

Akanta Mai Ritaya:

'Yata, abin da na riƙa sa yaran ofishinmu yi kafin in tafi shi zan gaya miki. Duk wata nakan zaɓi asusu ɗaya in ce su daidaita shi da hannu tukuna, sannan su buɗe na manhaja su gwada. Inda suka saɓa, nan darasin yake, ko su ne suka yi kuskure ko ita. Ke ma in aiki ya zo, ɗauki shafi ɗaya ki fassara da kanki kafin ki kalli nata. Ba za a biya ki wannan shafin ba, na sani. Ki kuma buɗe littafi ki riƙa rubuta irin kurakuranta, da kwanan wata da irin takardar. In ya yi kauri, ki kai wa masu ba ki aiki lokacin da za ku yi maganar farashi.

Bakanike Mai Sikana:

Baba, wannan zan gwada gobe a gareji. Yaro ba zai taɓa sikana ba sai ya fara gaya mini abin da kunnensa ya ji. Alhaji Mai Ɗinki, mataimakin nan da ya koma guga, ka ba shi ko da yini ɗaya a mako kusa da mai yanka mana.

Mai Masana'antar Ɗinki:

Ranar Asabar aiki yana da sauƙi. Zan yi magana da su biyun.